Farin da Kyamara Ta Ƙi Yarda da Shi

Madina, daren Laraba

Aminina Mai Hoto,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da duk mutanen layi. Ya sanyin Kano? Saƙonka ya iso, na kuma ji ƙorafinka cewa na turo maka hoto guda ba bayani, har kana tambaya ko Turai na gudu ban gaya maka ba. To, ina nan Saudiyya. Wannan farin da ka gani dusar ƙanƙara ce, a ƙasar Tabuka ta sauka.

Mu uku muka tafi, ni da wasu Hausawa biyu haifaffun nan, waɗanda Hausarsu rabi Larabci ce. Daga Madina zuwa Tabuka kusan kilomita 700 ne, daga can kuma sai ka nausa arewa maso yamma zuwa Jabalul Lauz, dutsen da tsayinsa ya haura mita 2,500. Ba kowace shekara take sauka yadda ake so ba, in ta sauka kuma ba ta daɗewa, shi ya sa da an ji labari kowa ke tayar da mota. Na sayi farwa, wato babbar rigar sanyin makiyayan Larabawa mai gashi a ciki, ina ganin na gama shiri. Ashe jaurar Kano da muke kuka da ita wasan yara ce.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka shi ne kunyar da na sha da safiyar farko. Ina tsaye, gabana fari fat har ido na ƙyalli, na ɗauka, na duba bayan kyamara: toka-toka, kamar farin yadin da aka wanke da ruwan kududdufi. Na sake, haka. Har na fara zargin sanyi ya lalata ta. Sai na tuno maganarka a shagonka, ranar da wani ango ya zo cikin farar shadda, ka ce kyamara ba ta yarda akwai fari a duniya ba. Gaskiyarka. Ma'aunin haskenta an gina shi ne a kan cewa duk abin da ke gabanta, in aka gauraya, toka ce tsaka-tsaki, don haka in ta ga fari ya cika wuri sai ta rage haske. Da na ƙara hasken da hannuna, mataki ɗaya da rabi a ma'aunin kyamarar, wani lokacin biyu, sai farin ya dawo hayyacinsa. Amma akwai iyaka. In ka zarce, dusar ta zama takarda zalla, babu gurbi babu tudu, kuma abin da ya ƙone a nan ba kwamfutar da za ta dawo da shi. Na koma duba wannan ɗan zanen tudun da ke nuna rabon haske, ina tura shi dama amma ban bari ya jingina da bango ba. Masu ɗaukar hoto Ansel Adams na Amurka da Fred Archer, wajen 1940, sun kasa haske daga 0 zuwa 10, toka a 5, dusar da ake ganin jikinta a wajen 8. A nan nake son ta zauna.

Batir kuwa sanyi na shanye shi kamar ruwa a rairayi. A aljihun ciki na riƙa ɓoye na biyun. Sau ɗaya na shiga mota mai ɗumi da kyamarar a hannu, gilashin ya yi gumi, na yi asarar kusan rabin awa ina jira ya bushe.

Batun tsara hoton ya fi ba ni wahala, don baƙi da fari nake son ya fito. Da farko so nake in cusa komai ciki, dutse, sama, raƙuma, samari na jifan juna da dusa. Da launi wataƙila a yafe maka, amma baƙi da fari ba ya rufa asiri. In ka cire launi, siffa da layi da inuwa kawai suka rage, tarkace kuma ya fito tarkace. Sai na bar mutane na yi tafiyar minti 20, na iske wata bishiyar ƙaya ita kaɗai, baƙa ƙirin a tsakiyar fari, da sawun raƙumi ɗaya da ya taso daga ƙasan hagu ya nufe ta. Na durƙusa don rassan su fita daga jikin dutse su hau sama, na ajiye ta gefen dama, na bar fili mai yawa ba komai. Kuma na kiyaye ƙafata, don in ka taka wurin kafin ka ɗauka, ka ɓata shi da kanka. Rana ba ta daɗe da fitowa ba, haskenta na zuwa a karkace, kowane gurbin sawu da 'yar inuwarsa. Da hantsi ya yi na koma wurin, duk ya baje, dusar ma ta soma narkewa.

Na ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, da launinsa, sai a gida na juya shi baƙi da fari a Lightroom, manhajar gyaran hoto. Ka san ni da zumuɗi. Gyaran farko na matse baƙi na ɗaga fari har hoton ya koma gawayi da alli, ina ta murna. Washegari na duba, na goge duka. Abin da ya yi aiki kaɗan ne: na rage shuɗi, sama ta yi duhu kamar yadda jan gilashin da kake ɗaurawa a bakin kyamara ke yi zamanin fim. Amma inuwar dusa ita ma shuɗiya ce, sai ta bi sama ta yi datti, dole na ware saman na gyara shi shi kaɗai. Na ɗaga ja kaɗan don duwatsun su rabu da bishiyar. Sauran aikin, wallahi naka ne. Ka tuna yadda kake kaɗa tafin hannu a ƙarƙashin fitilar wankin hoto, ka tare haske a nan ka sake shi a can, ni ina riƙe maka agogo? Shi nake yi da ɗan burushi a allo, ina haskaka bakin sawu, ina duhunta kusurwoyi, a hankali yadda ba wanda zai gane an taɓa.

Na kai an buga min shi mai girman 30 da 40 a takarda marar sheƙi. Na farkon ya fito da duhu, don allo na da fitila a bayansa, takarda ba ta da ita. Na ƙara haske aka sake. Guda biyu na yi, naka zan ba wa duk wanda na samu cikin masu Umara da zai koma Kano.

Ni ma ina da roƙo. Kafin hazon bana ya wuce, ka fita da sassafe ka ɗauko min Dala daga nesa, lokacin da ƙura ta haɗiye gidaje dutsen kaɗai ke leƙowa. Ka ƙara wa kyamarar haske mataki ɗaya, kada ka gyara komai, ka turo min ɗanyensa.

Ka gaida Hajiya, ka ce dabinon Ajwa ɗinta na tafe tare da hoton.

Naka,
Amininka na Madina