Sunan kasuwa da sunan yanka a cinikin lasisin manhaja

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan wata gardama da mutane da dama ke ɗauka ta masu son nuna ilimi ce kawai, alhali ni da idona na ga ta kusa raba mutum biyu masu mutunci da suka daɗe suna hulɗa a nan cikin garin Bauchi. Gardamar ita ce ta sunayen da ake kiran nau'o'in lasisin manhajar kwamfuta da su, wato sunan da kamfanin da ya ƙera manhajar ya raɗa mata a takarda, da kuma sunan da masu shago da masu gyara suka laƙaba mata a kasuwa har ya bi ta.

Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare mai zaman kanta. A shekarar 2024 mai makarantar ya sayi kwamfutocin tafi-da-gidanka guda 20, irin waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje aka kawo, daga hannun wani ɗan kasuwa da ke wajajen Wunti, domin ɗalibanmu su riƙa gwajin jarrabawar JAMB kafin ranar da za su zauna ta gaske. A jikin rasit ɗin, ƙarƙashin kowace kwamfuta, an rubuta da biro cewa tana ɗauke da “Windows Corporate Original, Lifetime”, kuma an ɗora kuɗin wannan lasisi daban a kan kuɗin na'urar. Bayan kimanin wata shida, wata safiya ɗalibai suka shiga ɗakin suka tarar da wani rubutu dishi-dishi ya bayyana a kusurwar ƙasa ta hannun dama ta allon kowace kwamfuta, yana cewa a tabbatar da lasisin Windows. Kafin sati ya zagayo duk ashirin ɗin sun kamu.

Aka kira ɗan kasuwar ofishin mai makarantar, ni ma aka kira ni. Alhaji ya ajiye rasit a kan teburi ya ce an sayar masa da jabu. Ɗan kasuwar ya rantse ya ce, “Wallahi Alhaji abin da na rubuta shi na kawo, Corporate ce, kowa a layinmu haka yake kiranta, aktibetin kawai za a sake yi mata.” Da aka juyo kaina na ce, “Ranka ya daɗe, a iya sanina babu wata Windows mai wannan suna a jerin kayan kamfanin Microsoft,” sai ɗan kasuwar ya dube ni ya ce, “Malam, shekara nawa kake da ita lokacin da muka fara saka Corporate a garin nan?” Tambayar ta yi mini zafi a lokacin, amma da na koma gida na ga cewa akwai gaskiya a cikinta, domin sunan yana da asali.

Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows XP a watan Oktoba na 2001, kuma da ita ne ya fara tilasta wa mai sayen Windows ɗaya ya tabbatar da lasisinsa ta intanet ko ta wayar tarho cikin kwana 30. Manyan kamfanoni da ma'aikatu, waɗanda ke sayen lasisi a dunƙule domin ɗaruruwan kwamfutoci, an ba su faifai na daban da mabuɗi na daban, wato lambar lasisi, wanda ba ya buƙatar wannan tabbatarwa. Sunan wannan kaya a takarda Windows XP Professional ne kamar na kowa, hanyar sayensa ce kaɗai ta bambanta. Amma da faifan da mabuɗin suka zurare daga hannun masu su suka bazu a duniya, masu kwafa sai suka riƙa rubuta “Corporate Edition” a jikin faifan da alƙalamin maka, domin mai saye ya gane cewa wannan ce wadda ba ta tambayar komai. An daina tallafa wa XP tun ranar 8 ga Afrilu, 2014, amma sunan bai mutu da ita ba, ya ci gaba da yawo daga bakin maigida zuwa bakin yaron shago, yana sauka a kan duk Windows ɗin da aka ga ta yi kama da ta ma'aikata.

Inda sunan kasuwa ke cutarwa shi ne yana cusa tambayoyi biyu cikin kalma ɗaya. Tambaya ta farko ita ce wane nau'i ne na manhajar, Home ce, ko Pro, ko Education, ko Enterprise, kuma wannan shi ke nuna ayyukan da za ta iya yi. Tambaya ta biyu ita ce ta wace hanya aka mallaki lasisin, kuma wannan shi ke nuna haƙƙin mai ita. Akwai lasisin da mutum ke saya shi kaɗai a kanti, wanda yake da ikon cire shi daga tsohuwar kwamfuta ya mayar a sabuwa. Akwai wanda kamfanin ƙera kwamfuta ke sakawa tun daga masana'anta, ana ce masa OEM, wanda yake manne da wannan na'urar ya bi ta duk hannun da ta shiga. Sannan akwai na dunƙule da ake yi wa ma'aikatu bisa yarjejeniya, wanda ba kayan da ɗan kasuwa zai yanka ya sayar wa mutane ɗaiɗai ba ne. A cikin wannan na ƙarshe akwai tsarin da ake kira KMS, inda ma'aikata ke ajiye babbar kwamfuta guda ɗaya tana tabbatar da lasisin sauran, kuma tabbatarwar tana aiki ne na kwana 180 kacal, idan kwamfuta ba ta sake jin muryar babbar ba a cikin wannan wa'adi sai ta fara ƙorafi. Kwana 180 wata shida ke nan, daidai lokacin da rubutun ya fito a ɗakinmu, wanda ko intanet babu a cikinsa.

Gano wannan bai ɗauke ni minti biyar ba, kuma duk mai kwamfuta zai iya yi. Na buɗe baƙin allon ba da umarni, wato Command Prompt, na rubuta slmgr /dli, sai wani ɗan akwati ya fito yana nuna cewa nau'in Enterprise ne, hanyar lasisin kuma KMS ce. Wanda ya rubuta slmgr /xpr zai ga ko lasisin na dindindin ne ko kuwa yana da ranar ƙarewa. Abin da ya fi ba ni mamaki ya zo ne daga baya. Tun daga zamanin Windows 8, wato 2012, kamfanonin ƙera kwamfuta sun daina manna takardar mabuɗi a ƙarƙashin na'ura, suna binne mabuɗin ne a cikin kayan cikin na'urar kanta, wato motherboard. Da na goge ɗaya daga cikin kwamfutocin na saka mata Windows 10 Pro tsabtatacciya na haɗa ta da intanet ɗin wayata, ba tare da na rubuta ko harafi ɗaya na mabuɗi ba, sai ta tabbatar da kanta. Guda 14 daga cikin 20 haka suka yi. Ashe sun shigo ƙasar nan da halastaccen lasisinsu a ciki, ɗan kasuwar ya goge shi ya ɗora musu na aro, sannan ya karɓi kuɗi a kan hakan. Ban yi imani mugunta ce ta sa shi ba. Masu saye ne suka saba jin cewa Corporate ta fi Pro girma, shi kuma ya ba su abin da kunnensu ke so.

Ba na cikin masu cewa a hana mutane laƙabi, domin Bahaushe bai taɓa barin abu da sunan da ya zo da shi ba. Takardar naira 20 mun ce mata Murtala saboda hoton marigayi Janar Murtala Muhammed da ke jikinta, wani nau'in babur mun ce masa roba-roba, keke mai ƙafa uku mun ce masa A Daidaita Sahu, kuma ciniki bai taɓa lalacewa saboda haka ba. Dalili shi ne kowanne daga cikin waɗannan sunaye abu ɗaya yake nunawa. Idan na ce wa mai shayi ya ba ni canjin Murtala, ni da shi mun san adadin da ake magana, babu wanda zai kawo naira 10 ya ce a layinsu haka suke kiranta. Amma kalmar Corporate a bakin mai shago ɗaya tana nufin Enterprise, a bakin wani tana nufin Pro da aka buɗe da mabuɗin ma'aikata, a bakin na uku kuwa tana nufin duk Windows ɗin da ba ta damun mutum da tambaya. Haka kalmar orijinal take, wani yana nufin faifan ba gurɓatacce ba ne, wani yana nufin an biya kamfani kuɗinsa, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai tafiya mai nisa. Kalmar Lifetime ta fi su duka santsi, domin ba a faɗin rayuwar wa ake nufi, ta mai saye ce, ko ta kwamfutar, ko ta manhajar. Wanda ya sayi Office 2019 ya biya sau ɗaya yana da ikon ci gaba da amfani da ita, amma kamfanin ya daina aiko mata da gyaran tsaro tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, rana ɗaya da Windows 10 ta Home da Pro. Duk wanda ya taɓa yin layi a banki saboda sunansa na BVN ya saɓa da na NIN ya san cewa Ɗanjuma da ake kiransa a gida ba ya fitar da kuɗi idan takarda ta ce Abdullahi.

Adalci ne kuma a faɗi cewa masu ƙera manhajar suna da nasu kaso a wannan ruɗani, domin su ma ba sa barin suna ya zauna. Abin da ake ce wa Professional a Windows 7 ya koma Pro a Windows 8, nau'in Ultimate kuma aka daina shi gaba ɗaya daga nan, shi ya sa har yau ake samun mai zuwa shago yana neman Windows 10 Ultimate wadda ba a taɓa yi ba, kuma ba a rasa mai sayar masa. A watan Afrilu na 2020 an sauya wa wasu tsare-tsaren Office 365 suna zuwa Microsoft 365, wadda ake ce wa Office 365 ProPlus ta koma Microsoft 365 Apps for enterprise, ga kuma Office Professional Plus a gefe guda, mai kama da ita a suna amma tsarin biyansu daban. Mai shagon da ke fama da kuɗin haya da man janareta ba shi da lokacin bin wannan sauye-sauye, don haka yake riƙe sunan da ya gada. Ina fahimtar uzurinsa a hira, amma ba na karɓar uzurin a kan rasit.

Abin da ya sa na ga ya dace in rubuto yanzu shi ne wani sabon suna ya fara yawo. Tunda aka daina tallafa wa Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutocin da suka cika makarantunmu da shagunan buga takardu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, musamman sharaɗin guntun tsaro na TPM 2.0, masu gyara sun koma tallata abin da suke kira Windows mara nauyi, ko kuma LTSC, wato nau'in da kamfanin ke yi wa ma'aikatu wanda ba a yawan sauya masa fasali. To LTSC ɗin ma ba ɗaya ba ce. Windows 10 Enterprise LTSC 2021 tallafinta zai ƙare a watan Janairu na 2027, ita kuwa Windows 10 IoT Enterprise LTSC 2021, wadda aka yi domin na'urori masu aiki ɗaya tak irin na'urar cirar kuɗi da na'urorin asibiti, tana da tallafi har watan Janairu na 2032. Haruffa uku ne suka raba su a suna, shekara biyar ce ta raba su a aiki, kuma dukansu ba a sayar da su a kanti kamar Home da Pro. A ƙarƙashin wannan suna na mara nauyi har ila yau ake shigo da wasu da mutanen da ba a san ko su waye ba suka yanke wa sassa suka watsa a intanet, waɗanda babu mai iya rantsuwa a kan abin da aka ƙara a cikinsu.

Roƙona ga masu makarantu, da shugabannin cibiyoyin jarrabawa, da jami'an da ke rubuta takardun kwangilar sayen kwamfuta a ma'aikatun jihar nan, shi ne su daina amincewa da layi ɗaya mai cewa Windows orijinal. A rubuta cikakken sunan manhajar kamar yadda yake fitowa a allon kwamfutar, a rubuta hanyar lasisin, a rubuta ko yana da ranar ƙarewa, sannan a duba a gaban mai kawo kaya kafin a sa hannu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta sanya manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, ga kuma hukumar FCCPC da ke sauraron koken masu saye, amma mai ƙorafi zai sha wahala wajen nuna an saɓa masa alƙawari idan sunan da ke takardarsa babu shi a kundin kowa. Ƙungiyoyin masu sayar da kwamfuta da masu gyara su ma za su iya sa wannan cikin ƙa'idar layinsu, tunda mutuncinsu ne ke zubewa duk ranar da rubutun nan ya fito a allon abokin ciniki.

Mu dai a makarantarmu an sasanta ba tare da an je ko'ina ba. Ɗan kasuwar ya mayar da kuɗin lasisin guda 14, ya ɗauke sauran shidan ya kawo wasu masu mabuɗi a ciki, kuma da ya zo rubuta sabon rasit ya miƙo mini biron ya ce, “Malam, kai ka rubuta yadda suke kiranta.” Na rubuta Windows 10 Pro, lasisin OEM, na dindindin, na sa lambar jikin kowace kwamfuta a gefe, shi da Alhaji suka sa hannu. Har yanzu idan na bi ta shagonsa ina jin yana ce wa yaransa su saka wa kwamfutar wane Corporate.

Naka,
Wani malamin kwamfuta,
Bauchi.