Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Ahmed Aliyu Kan Fargabar Masu Jego

Mai girma Gwamna, ranka shi daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ɗauki alƙalami ne saboda masu jego, musamman waɗanda jikinsu ya warke amma hankalinsu bai kwanta ba.

A Sakkwato mun iya kula da mai jego ta fuskar jiki. Za a dafa ruwan wanka safe da yamma har ta yi arba'in, a dama kunun kanwa, a gasa mata nama, in haihuwar fari ce ta tafi gidan iyayenta wanka. Abin da ba a tambaya shi ne: kina samun barci in jariri ya yi barci? Akwai wadda take kwana zaune tana kai hannu hancin ɗanta ko yana numfashi. Gabanta na faɗuwa ba dalili, abinci ba ya ciyuwa, ba ta yarda ko uwarta ta ɗauki yaron. In ta yi ƙarfin halin faɗa, sai a ce iska ce, ko a ce ta cika raki, ko a tuna mata wance ta haifi goma ba a ji kanta ba. Mai ɗan fari kuwa kunya ta riga ta ɗaure mata baki.

Kuka da ƙuncin kwanakin farko sukan wuce da kansu cikin mako 2. Wanda ya zarce haka ciwo ne, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa. Ka ɗora wannan a kan matan Isa da Sabon Birni da 'yan bindiga suka raba da gidajensu, suna jego a gidan aro, ba uwa ba ƙanwa a kusa.

Ba sabon gini nake roƙo ba. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, muna da likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Amma ranka shi daɗe, ka san mutanenmu: da wuya maigida ya yarda a ce an kai amaryarsa Kware, domin sunan zai bi ta har kan 'ya'yanta. Inda mace take zuwa ba tare da an nuna ta da baki ba shi ne wurin rigakafi. Ko wadda ta haihu a gida hannun ungozoma takan kawo jariri allura a mako na 6, da na 10, da na 14. Ana auna yaro, a ɗiga masa, a rubuta a kati, uwar da ta goyo shi ta tashi ba wanda ya dube ta.

Nan ya kamata a tare ta. Akwai ma'aunin Edinbara na gano damuwar masu jego, tambayoyi 10 kacal, da ake amfani da shi tun 1987, kuma wasu daga cikin tambayoyin kan fargaba suke. A yi su da Hausa da Fulatanci, a ɗan keɓe, ba a gaban layi ba. Wadda aka ga alama a tare da ita, mafi yawa zama ake yi da ita a kai a kai, a koya mata gane tunanin da ke tayar mata da hankali da yadda za ta sauya shi, a kira miji da uwar miji a nuna musu cewa karɓar yaro na 'yan sa'o'i don ta runtsa shi ma magani ne. Wadda ke bukatar ƙwaya, akwai irin da likita zai ba ta tana shayarwa. Wadda ta fara sambatu ko maganar cutar da kanta ko jaririn, wannan a ranar za a kai ta ga likita.

Horon ma'aikata dole ya haɗa da wani abu guda. Ciwon zuciya na bayan haihuwa sananne ne a yankinmu, kuma shi ma yana zuwa da haki da bugun ƙirji, haka ƙarancin jini. Kada a ce wa mai kumburin ƙafa, wanda yana iya zama alamar ciwon zuciya, ta je ta kwantar da hankalinta.

An gwada irin wannan aiki a ƙauyukan Pakistan da mata ma'aikatan lafiya na unguwa, ya yi amfani har Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi littafin horo a 2015. Mu kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu: Nana Asma'u ta tura jajojinta, wato malamai mata na ƙungiyar 'Yan Taru, suna kai wa mata ilimi har ɗaka. Malamanmu su ma a sa su ciki, su gaya wa jama'a addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma mai wannan ciwo ba raunin imani gare ta ba.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ina roƙonka ka umarci Ma'aikatar Lafiya da hukumar kula da lafiya a matakin farko su fara da cibiya ɗaya a kowace ƙaramar hukuma cikin 23, a ware wa horon kuɗi a kasafin baɗi, a kuma ƙara layi ɗaya a katin rigakafi na halin da uwa take ciki.

Allah ya taimaki Gwamna.

Taka mai biyayya,
Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Sakkwato