Zuwa ga Abokan Cinikinmu na Tahoua

Assalamu alaikum.

Maganar da ke yawo a kasuwa ta iso mana, wai murar tsuntsaye ta shiga gonarmu, shi ya sa ƙwai ya yi wuya. Wallahi ko kaza ɗaya ba mu binne ba saboda wannan cuta, kuma maganar ta yi mana ciwo.

Mutumin da ke kawo mana 'yan tsaki ta iyakar Konni ne cutar ta ɓulla kusa da shi, muka ce ya dakata. Kuɗin da muka ba shi kafin alƙalami har yau suna hannunsa. Kajin da ke ƙasa sun tsufa, ƙwansu ya ja baya, ga masara da dusa sun yi tsada.

Wasu na cewa me ya hana mu karɓo a wani wuri. Wanda ya ga 2006 ba zai faɗi haka ba. A watan Fabrairun shekarar aka tabbatar da H5N1, wani mugun irin murar tsuntsaye, a jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare ta iso Magariya. Ƙwayar ba ta zama a kama ɗaya: idan iri biyu suka haɗu a jikin tsuntsu guda, sai su yi musayar gado, sabon iri ya fito, kuma allurar rigakafin Newcastle da muke yi wa kaji ta wata cuta ce daban, ba ta tare ta. Agwagin daji da ke sauka a tafki irin na Tabalak lokacin sanyi suna iya ɗauke da ita lafiyarsu lau. Daga nan ɗan kashin tsuntsu a tayar mota ko a gindin takalmi ya isa. Sai ka ga zanko ya yi baƙi, fuska ta kumbura, da safe a kwashi gawa.

Muna bin shawarar likitocin dabbobi, muna kuma neman mafita. Mun daina barin baƙi su shiga wurin kaji, don Allah kada wanda aka tsayar a ƙofa ya ji haushi. A riƙa dafa ƙwai da nama sosai, zafin wuta yana kashe ƙwayar.

Masu shayin bakin tasha da ke tare da mu tun muna kai ƙwai a bayan babur, da Hajiyarmu mai gidan abinci da ba ta taɓa sayen na wani ba, mun san ku ma ana tambayarku. Allah Ya bar zumunci. Ku ƙara mana haƙuri, wanda ya ji wata magana kuma ya zo ya same mu.

Naku,
Mai gona da ma'aikatansa