Mai son barin giya a Katsina, ina zai dosa?

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah a ɗan ba ni fili, kuma a yi haƙuri ba zan sa sunana ba, in ka karanta za ka gane dalili.

Ni tsohon direban tirela ne, shekara 11 na yi ina shan giya. Da ƴar ta leda ɗin nan ta tasha na fara, wai maganin sanyi da gajiyar hanya, kafin in ankara sai ga shi ko sitiyari ba na iya riƙewa da safe sai na kora. A gida kowa ya sani amma ba mai furtawa, mai ɗakina dai ta san ma'anar goro da cingam da turaren da nake bulbulawa kafin in shigo. Rantsuwa kuwa na sha ta, duk azumi sai in aje, bayan sallah da kwana uku in koma ruwa.

A Legas ne wani abokin aiki ya ja ni wani zama. Mutum wajen goma a kan kujerun roba, ba malami ba likita, duk ƴan kwalba ne irina da suke son bari. Kowa ya faɗi sunansa na farko kawai, ya faɗi yadda satinsa ya kasance, ba mai katse shi ba mai ce mashi kai ma dai da wani abu. Ba a biyan ko sisi, kuma abin da aka faɗa a ɗakin nan a ɗakin yake kwana. Tsarin ƙungiyar AA ke nan, wato Alcoholics Anonymous ta masu son barin giya, wadda mutum biyu suka fara a 1935 a garin Akron na Amurka, Bill Wilson da wani likita Bob Smith, su ma giya ta gama wahalar da su. Abin da ya kama ni shi ne ba a ce ka yi alkawarin har abada, yau kawai ake nema ka tsallake, kuma za a haɗa ka da wani da ya riga ka bari wanda za ka iya bugo ma waya ko ƙarfe biyun dare in abin ya taso. Sai dai da turanci ake yi kuma a harabar coci, gaskiya raina bai kwanta ba sosai, amma na yi wata bakwai ina zuwa.

Da na dawo gida Katsina na nemi irin wannan zaman na nema ban samu ba. To wa ma za ka tambaya? Tun 2000 muke cikin Shari'a, ga Hisba na fasa kwalabe, ni ban ce a daina ba wallahi, amma wanda yake son fita fa? In ya buɗe baki yana tsoron bulala, yana tsoron surukai su ji, yana tsoron a hana ƴarsa miji. Maganar kodin da tiramol kullum ana yin ta a rediyo, giya kuwa sai ka ce babu ta a garin nan. Iyaye in sun rasa yadda za su yi sai gidan mari, kuma duk mun ga abin da aka bankaɗo a irin gidajen nan a Daura da cikin Katsina a 2019, mutane da sarƙa a ƙafa.

Yanzu mu huɗu ne, muna haɗuwa daren Alhamis bayan isha'i a shagon wani tela, shi ma namu ne. Mu buɗe da addu'a, a dafa shayi, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Ɗayanmu mai ɗan karatu ne, shi ya tuna mana cewa ita kanta giyar daki-daki aka haramta ta, daga Baƙara zuwa Nisa'i kafin ayar Ma'ida ta 90 ta rufe ƙofa, kuma akwai sahabin da aka yi ta kawowa kan shan giya, wani ya tsine mashi Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaide shi da son Allah da ManzonSa. Ranar nan sai da babban mutum ya yi hawaye a shagon.

Abu ɗaya da nake so ƴan uwa su sani, wanda ya daɗe yana sha kullum kar ya yanke lokaci ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Cikin kwana biyu zuwa uku rawar jiki da zufa da gane-gane har farfaɗiya na iya kama shi, mutane su ce aljanu ne a yi ta hayaƙi, alhali abin na iya kisa. A kai shi asibiti ya ga likita tukuna, zaman namu daga baya yake zuwa.

Roƙona ga limamanmu da likitoci, ɗaki kawai muke nema na awa ɗaya a sati, ba allon sanarwa, ba kyamara, ba ɗan siyasar da zai zo yanka ribon. Shagon telan bakin titi yake, yara na leƙe, kuma akwai mutum biyu da suke son zuwa amma sun ce ba za su iya shiga a gan su ba. Mai hali ya aiko ta hannun jaridar nan.

Naku,
Wani tsohon direba, Katsina