Malamin Karatu Yana Bukatar Sanin Yadda Aka Gina Hausa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ba a cika tayar da shi ba idan ana kukan taɓarɓarewar ilimin firamare a Arewa. Kukan da aka saba yi sananne ne: azuzuwa sun cika sun batse, babu kujeru, babu littattafai, albashi ba ya kai ƙarshen wata. Duk wannan gaskiya ne. Amma ko da an magance waɗannan gobe da safe, karatu zai ci gaba da gagarar yara da yawa matuƙar malamin da ke tsaye a gabansu bai san yadda aka gina harshen da yake koyar da karatunsa ba. Mun ɗauka cewa duk wanda ya sha Hausa a nono zai iya koyar da karanta ta da rubuta ta, shi ya sa idan makaranta ta rasa malamin Hausa sai a ɗora darasin a kan duk wanda aka ga yana zaune a wannan sa'ar. Mai jin Hausa yana amfani da dokokinta ba tare da ya san da su ba, shi kuwa malami dole ne ya san su a fili, domin aikinsa shi ne ya nuna wa yaro inda magana take haɗuwa da rubutu da kuma inda suke rabuwa.

Matsalar tana farawa ne tun ranar farko. A makarantu da yawa abin da ake soma rera wa yara shi ne sunayen haruffan Ingilishi, su haddace su kamar waƙa, sannan a buɗe musu littafin Hausa a ce su karanta. To, sunan da Bature ya ba harafin "e" shi ne sautin da Bahaushe yake rubutawa da "i", sunan da ya ba "i" kuwa shi ne tagwan wasalinmu na "ai", sunan "a" kuma ya fi kusa da "e". Yaron da aka cusa wa waɗannan sunaye, in ya ga kalmar "ido" da me zai fara? Haka harafin "c", wanda a Hausa sauti ɗaya tak yake wakilta, na cikin "ci" da "ciki", amma an riga an gaya masa sunansa "si". Malamin da ya san bambancin sunan harafi da sautinsa ba zai jefa yaro cikin wannan ruɗani ba. Zai fara da wasulan Hausa biyar da sautinsu, ya kawo baƙaƙe kaɗan kaɗan, ya kuma nuna cewa "sh" da "ts" da "ky" da "gw" da 'yan uwansu baƙaƙe ne masu goyo, haruffa biyu a ido amma sauti ɗaya a baki.

Abin takaicin shi ne Hausa tana cikin harsunan da karatunsu bai kamata ya yi wuya ba. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, kamar "ci", baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar "rai" ko gaɓar farko ta "sauro", sai baƙi da wasali da baƙi, kamar "kas" a cikin "kasko". Babu gaɓar da take farawa da wasali a furuci, domin ko "aure" da "ido" da hamza suke farawa, sai dai ƙa'ida ta ce ba a rubuta ta a farkon kalma, ana rubuta ta ne a tsakiya, kamar a "sa'a" da "jama'a". Yaron da aka koya wa yanka kalma gaɓa gaɓa zai iya karanta kalmar da bai taɓa gani ba, ko da ta kai tsawon "makarantunmu". Malaman makarantar allo sun daɗe da gane hikimar bin mataki: almajiri yakan fara da babbaƙu, ya san kowane baƙi da siffarsa, sannan ya shiga farfaru a ɗora masa wasali, kafin a bar shi ya soma tattashiya. A makarantar boko kuwa sau da yawa malami yakan rubuta jimla sukutum a allo, ya karanta, yara su maimaita da ƙarfi har muryarsu ta kai bakin titi, a tashi kowa yana zaton an yi karatu, alhali in ka rufe rabin jimlar ka nuna wa yaro kalma guda ba zai iya furta ta ba.

Inda rubutun boko ya gaza kuwa, nan ma sai malami ya sani. Ba ma nuna tsawon wasali, ba ma nuna karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓa, alhali su biyun suna bambanta ma'ana. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. A nan ajami ya ɗara boko, tunda shi yana nuna dogon wasali. Abin bai tsaya ga kalmomi ba, ya shiga har cikin nahawu. In an rubuta "Malam ya ce Audu ya zo", mai karatu bai san ko Audu ya riga ya iso ba ne ko kuwa kiran sa ake yi, sai ya duba abin da ya gabata da abin da ya biyo baya. Babba yana yin wannan ba tare da ya lura ba. Yaro ɗan shekara bakwai kuwa sai an nuna masa cewa idan jimla ta fito masa a karkace, ya koma ya sake gwada kalmar da wani karin. Malamin da bai taɓa jin cewa Hausa tana da karin sauti ba, iyakarsa ya ce wa yaron bai mai da hankali ba.

Na taɓa duba littafin shifta na wata yarinya 'yar aji uku, na tarar ta rubuta "gidam Bala" da "motas Sani" da "malan". Malaminta ya bi dukkansu da jan biro ya soke, ya rubuta mata a ƙasa cewa ta dage. Amma yarinyar nan kunnenta ƙalau yake, ta rubuta ainihin abin da ya fito daga bakin malamin ne. A maganar yau da kullum "n" takan koma "m" idan "b" ko "f" ko "m" ta biyo ta, "r" ta mallakar mace kuma takan rikiɗe ta zama irin baƙin da ke gabanta. Masana suna kiran wannan naso. Abin da take bukata bayani ne na minti biyu: a tsakiyar kalma muna bin furuci, shi ya sa muke rubuta "tambaya", amma "n" da "r" na mallaka ba sa sauyawa a rubuce duk yadda baki ya furta su. Kuskuren yaro yana da dalili, kuma malamin da ya san tsarin sauti yana iya karanta dalilin a cikin kuskuren. Wanda bai sani ba, kurakurai duka iri ɗaya ne a wurinsa, maganinsu kuma ɗaya: a sake rubutawa sau goma.

Haka batun karin harshe yake. Yaron Sakkwato da ya rubuta "tahi" da "sabka" da "zamna" bai yi kuskuren Hausa ba, Hausar gidansu ya rubuta, kuma masana tarihin harshe sun nuna cewa "sabka" da "zamna" sun girmi "sauka" da "zauna". Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da karin Kano, don haka nauyin da ke kan ɗan Sakkwato ko ɗan Maraɗi ya fi na ɗan Kano. Malami mai sani zai ce masa haka muke faɗa a gida, ga kuma yadda ake rubutawa a littafi, ba tare da ya sa yaron ya ji kunyar harshen iyayensa ba.

Ƙirar kalma ma tana da nata amfani. Me ya sa jam'in "mota" ya zama "motoci", na "ƙasa" ya zama "ƙasashe", na "kaza" ya zama "kaji", na "ɓarawo" ya zama "ɓarayi"? Doka ɗaya ce take aiki a cikinsu duka, wato ganɗantawa: idan wasalin "i" ko "e" ya biyo bayan "t" ko "s" ko "z" ko "w" a irin wannan muhalli, sai su koma "c" da "sh" da "j" da "y". Yaron da aka nuna wa wannan zai gane cewa "sata" da "saci" da "sace" tushensu ɗaya. Haka idan an ninka baƙi mai goyo, harafin farko kaɗai ake maimaitawa, shi ya sa ake rubuta "kyakkyawa" da "tsattsaura".

Sai kuma raba kalmomi da haɗa su, inda har manya masu digiri suke tuntuɓe. Ana haɗa "yana" da "suka" da "yakan", ana raba "za su" da "ba ya" da "shi ne". Ana haɗa "littafinsa", ana raba "ya ba shi". "A kan" na wuri daban, "akan" na sabo daban. Waɗannan ba son zuciyar wani ba ne, kowanne yana da hujjarsa a nahawu, kuma an daɗe ana aiki a kansu. Hanns Vischer, jami'in ilimi na zamanin mulkin mallaka wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. A shekarun 1930 aka shigo da baƙaƙe masu ƙugiya a maimakon ɗigon da ake sa wa a ƙarƙashin harafi, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta soma fitowa a Zariya a 1939. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taro kan ƙa'idojin rubutu a Bamako a 1966, an kuma zauna a Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Ƙa'idojin suna nan a rubuce, abin da ya rage shi ne su isa hannun malamin aji ɗaya.

Wani zai ce ai Ingilishi ne harshen jarrabawa, a bar ɓata lokaci a kan Hausa. To, shi ma mai koyar da Ingilishi ga ɗan Bahaushe ba shi da makawa sai ya san tsarin harsunan biyu. Ingilishi yana da haruffa 26 amma sautukansa sun haura 40, kuma yana jera baƙaƙe biyu ko uku a farkon gaɓa, abin da Hausa ba ta yarda da shi ba. Shi ya sa bakinmu ya cusa wasali ya samar da "burodi" da "fulawa" da "firamare", kuma irin wannan cusawar ce yaro yake yi idan yana rubuta Ingilishi. Hausa ba ta bambanta "p" da "f", don haka sai an tsaya an horar da kunnen yaro kafin a zargi hannunsa. Ko a ƙasashen da Ingilishi ne harshen gida sun yi fama da wannan. A Amurka, binciken da Louisa Moats ta wallafa a 1994 ya nuna cewa malamai da yawa, har da gogaggu, suna da rauni wajen tantance sautukan kalma da sassanta. A Ingila kuwa, bayan rahoton Jim Rose na 2006, gwamnati ta karkata ga koyar da karatu ta hanyar danganta harafi da sauti bisa tsari.

A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta yi tanadin a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankin da yake zaune, kuma an sha sauya matsayi a kan tsawon shekarun da za a yi ana haka. Ko ma wane matsayi aka tsaya a kai, wanda zai aiwatar da shi malami ne. An ga shirye-shiryen tallafi irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da kuma RANA a Katsina da Zamfara, waɗanda suka kawo littattafan da aka tsara bisa sauti da gaɓa, kuma sun cancanci yabo. Amma shirin tallafi yana da ranar ƙarewa, bita ta 'yan kwanaki kuma tana iya koya wa malami bin jagora shafi shafi ba tare da ta ba shi sanin da zai amsa tambayar da ba ta cikin jagorar ba.

Saboda haka kirana ga hukumar da ke kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa da shugabannin kwalejojinmu shi ne, a wajabta darasin tsarin sauti da ƙirar kalma da ƙa'idojin rubutu a kan duk ɗalibin da zai koyar a firamare, kada a bar shi ga 'yan sashen Hausa kaɗai, kuma a gwada shi da littattafan yara na gaske, a ba shi kuskure ya faɗi dalilinsa. Hukumomin ilimin bai ɗaya na jihohi da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna su yi wa waɗanda suka riga suka kama aiki irin wannan horo, su nemi taimakon Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da sassan Hausa na sauran jami'o'i. Shugabannin makarantu kuma su daina tura malamin da aka fi rainawa zuwa aji ɗaya.

Ku ma 'yan jarida kuna da naku kason, Malam Edita. Malamin ƙauye da ba shi da ƙamus, abin da ya gani a jarida ko a shafinta na intanet shi ne hujjarsa. Idan aka yar da ƙugiya, "ƙasa" ta zama "kasa", "baƙi" ya zama "baki", "faɗa" ya zama "fada", to da wane baki zai ce wa ɗalibinsa ya yi kuskure? Ina roƙon ku ware ɗan fili kowane mako, ko da rabin shafi ne, inda wani masani zai ɗauki ƙa'ida guda ya warware ta da misalai, yadda malami zai iya yanke shafin ya tafi da shi aji.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin firamare, daga Katsina