A riƙa tambayar mai jinya halin da take ciki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin hukumomin kiwon lafiya da magadan gari a kan wasu mutane da asibitocinmu ke dogaro da su dare da rana, alhali sunansu bai shiga kowane littafi ba. Ina nufin masu jinya na gida, irin matar da mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, da uwar yaro mai amosanin jini, da ɗiyar da ke kula da tsohuwar da gigin tsufa ya kama.

Tun ranar 1 ga Satumba 2024 aka rage rabin kuɗin da ake biya a asibitocin gwamnati a nan Nijar, kamar yadda tun 2006 aka ɗauke wa iyaye biyan kuɗin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5. Talaka ya ga amfanin wannan, amma dukkan matakan a kan majinyaci suka tsaya. Duk wanda ya taɓa shiga harabar asibiti bayan isha'i ya ga tabarmi a shimfiɗe a gindin itatuwa, ga buta, ga kwanon abinci, ga zannuwan da aka wanke an shanya a jikin katanga. Masu waɗannan tabarmi su ne ke kai takardar magani kanti, su ne ke juya majinyaci, su zubar da fo, su kira ma'aikaci idan ruwan da aka ɗaura ya ƙare. Ranar sallama kuwa sai a miƙa musu magani da ranar dawowa, ba tare da kowa ya tambaya ko akwai mai iya ɗaga wannan bawan Allah daga shimfiɗa idan an isa gida ba.

A nan ƙasar Adar lamarin ya fi tsanani, domin da an gama girbi samari da magidanta da yawa kan tafi bida Abijan ko Libiya ko Najeriya. Kuɗi kan zo ta waya, ba laifi, amma kuɗin waya ba ya yi wa tsoho wanka. Nauyin kan faɗa kan suruka, wadda ita ma ga goyo, ga ɗiban ruwa, ga ƴar sana'ar ƙosai ko ƙuli-ƙuli da dole ta ajiye. Idan ta gaza, sai a tsayar da yarinya daga zuwa makaranta, kuma da wuya ta koma. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ne ke yin kashi 76 cikin ɗari na aikin kula da wasu da ba a biya, kuma ban ga abin da zai sa a yi zaton namu kason ya gaza haka ba.

Na san za a ce jinyar iyaye da miji ibada ce, kuma zumuncinmu ya wadatar. Ban musa ladan ba. Amma a unguwanninmu dangi kan cika gida a satin farko da lemu da addu'a, kafin wata uku sai ƙafa ta ɗauke, a bar mutum ɗaya da aikin shekaru. Mai shigowa dubiya kan ce ya mai jiki, mai jinya kuma ta ce da sauƙi, ko da ita kanta bayanta ya riƙe kuma rabonta da barcin kirki tun kafin azumi. Kunya ba za ta bar ta ta yi ƙorafi a gaban uwar miji ba, don kada a ce ta gaji da ɗan mutane.

Shi ya sa nake ganin tambayar ta zama aikin hukuma. A Ingila dokar 2014 ta ba mai jinya haƙƙin a auna bukatunsa shi kansa, dabam da na majinyaci, Faransa kuma a dokar 2015 ta amince yana da haƙƙin samun hutu. Aljihunmu bai kai nasu ba, amma tambaya ba ta cin kuɗi mai yawa. Kafin a sallami mai doguwar cuta, ma'aikacin jinya ko na jin daɗin jama'a ya keɓe da mai jinyar ita kaɗai, kuma zai fi kyau mace ta tambayi mace. Kada a ce mata ko tana da matsala, domin amsar a'a ce. A tambaye ta sau nawa take tashi da dare, wa ke karɓar ta idan za ta kasuwa, ko an auna nata hawan jinin, ko ta san yadda ake juya mutum don kada doguwar kwanciya ta jawo masa gyambo, nawa take kashewa a kabu-kabu zuwa asibiti, kuma wane yaro ne ya daina karatu saboda wannan jinya. Ma'aikatan sa-kai da ke bi gida-gida lokacin rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da damina za su iya maimaita tambayoyin bayan ƴan watanni, tunda bukatar watan farko ba ita ce ta shekara ta biyu ba.

Tsorona ɗaya shi ne a cika takardu a jibge a ofis. Matar da aka sa ta buɗe cikinta sannan ba ta ga komai ba, ba za ta ƙara faɗin gaskiya ba. Yawancin abin da za ta nema bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba: aron keken guragu, katifa mai leda, koyarwa ta rabin yini a asibitin unguwa, da wanda zai zauna da majinyaci ranar kasuwa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a ƙasar nan tun 1991, sun riga sun saba da karɓa-karɓa a harkar asusu, don haka ina ba magadan garin Tawa shawarar su fara zama da shugabanninsu da limamai da masu unguwanni a tsara yadda za a riƙa karɓar masu doguwar jinya ko da yini ɗaya ne a sati.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Tawa