Mai zuwa cin ramen, ya fara tambayar abin da ke cikin romo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki. Don Allah a ɗan sam mini fili in yi magana da ƙannenmu masu shirin fitowa ƙasashen waje karatu ko aiki. Ana yawan ba su shawara kan biza da kuɗin makaranta da rigar sanyi, amma ba kasafai ake gaya musu yadda za su yi da cikinsu ba, ranar da abokan karatu suka ce a tashi a je cin abinci a gari.

Ni a Dusseldorf nake zaune, a Jamus. Garin yana da unguwar Japanawa da ta yi suna a duk Turai, a titin Immermann da kewayensa, in ka fito babbar tashar jirgin ƙasa ka miƙe zuwa tsakiyar gari. Tun shekarun 1950 kamfanonin Japan suka fara buɗe ofisoshi a nan saboda kusanci da yankin Ruhr mai masana'antun ƙarfe da injuna. Iyalai suka biyo baya, aka buɗe wa yaransu makaranta a 1971, kantuna da gidajen abinci suka cika titin.

Wani daren Asabar cikin hunturu muka je can, ni da wani ɗan Maraɗi da muke sallah masallaci ɗaya, da wani Bajamushe abokin aikina da matarsa, 'yar Japan daga Osaka. Shagon ramen ne, wato taliyar Japan da ake zubawa cikin romo. Ƙarami ne, sai da muka bi layi a waje, sanyi yana ratsa ƙashi, tururi ya rufe gilashin taga ba ka ganin na ciki. Ɗan Maraɗi ya dube ni ya ce, "Malam, yanzu duk wannan wahalar a kan Indomie muke sha?"

Matar ta yi dariya da muka fassara mata, ta ce ai bai yi nisa da gaskiya ba. A Ikeda, kusa da garinsu, Momofuku Ando ya ƙirƙiro taliyar leda mai saurin dahuwa a 1958, kuma daga wannan dabara duk sauran suka samo asali, har da Indomie ɗin Indunusiya da yaranmu ba sa gajiya da ita. Amma ramen na shago abu ne daban. Masu dafa abinci 'yan Chana ne suka kai shi Japan, ya yi kasuwa a Tokyo tun wajen 1910, sannan ya bazu bayan yaƙin duniya na biyu lokacin da garin alkama na Amurka ya wadata. Taliyar ana kwaɓa ta da wani ruwa da suke kira kansui, ɗan uwan ruwan kanwarmu, shi ke ba ta launin rawaya da danƙo a baki.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mu Musulmi idan aka ajiye mana kwano, naman da ke sama muke duba. Ɗan Maraɗi ma cewa ya yi a kawo masa kowanne, a dai cire yankan naman alade. Matar nan ta girgiza kai ta ce cirewar ba ta da amfani, domin ramen romo ne kafin komai. Ɗaya daga cikin masu farin jini, tonkotsu na tsibirin Kyushu, ƙashin alade ake tafasawa awanni masu yawa har ruwan ya yi fari ya yi kauri. Wanda aka rubuta miso ko shoyu ko shio, sunan abin ɗanɗanon ne kawai, wato daddawar waken suya ko ruwansa ko gishiri. Romon da ke ƙarƙashi yana iya zama na alade, ko a haɗa na kaza da na alade. Akwai kuma cokalin kitse da ake yaryaɗawa a sama, sau da yawa na alade ne. Dafaffen ƙwan da ake rabawa biyu a ɗora, wasu a ruwan da aka dafa naman suke tsoma shi. Kuma a haɗin ɗanɗanon akan zuba sake ko mirin, dukansu daga giyar shinkafa suke.

Kada kuma mutum ya dogara da 'yan alamomin da ke jikin takardar abinci. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta bayyana abubuwa 14 masu tayar wa wasu da rashin lafiya, irin su alkama da ƙwai da riɗi da waken suya. Alade ba ya cikin jerin.

Abin da ya burge ni shi ne yadda ma'aikaciyar ta karɓi tambayarmu. Ba ta ɓata rai ba, ba ta kuma ce mana "ba komai" don ta rabu da mu ba. Ta shiga wurin mai dafawa ta dawo ta ce romon kazarsu akwai ƙashin alade a ciki, amma suna da na ganye zalla wanda tukunyarsa daban, kuma babu giya a haɗinsa. Shi muka ci: romon miso da riɗi, da soyayyar awara, da masara, da tsiron gora, da lawashin albasa, da ɗan man barkono. Wallahi ban yi tsammanin romon da ba nama zai yi wannan daɗin ba. Ɗan Maraɗi ya yi fama da tsinkayen cin abinci har ya haƙura ya nemi cokali mai yatsu, ni kuwa abin da ya gagare ni shi ne zuƙar taliya da ƙara, wanda a wajensu ba rashin ladabi ba ne. Kunnena yana jin faɗan mahaifiyata tun daga Katsina. Ba a kuma zaman hira bayan an gama, saboda masu jira a waje, don haka hirarmu a bakin kogin Rhine muka ƙarasa ta, hannu cikin aljihu.

Na san 'yan uwa iri biyu a nan. Akwai wanda ba ya amsa gayyatar kowa, shekara da shekaru daga ɗaki sai shagon Turkawa, har abokan aiki su daina kiransa. Akwai kuma mai cewa ya yi bisimilla ya wuce. A ganina dukansu tambaya ce suke jin nauyin yi, alhali ba ta wuce a ce: da ƙashin me aka yi romon, wane kitse aka zuba, akwai giya a ciki?

Roƙona, Malam Edita, ku miƙa wa malaman da ke amsa tambayoyi a shafinku na Juma'a batu biyu da muke ta ja-in-ja a kansu a masallacinmu: hukuncin ɗan mirin da aka dafa cikin abinci, da na kazar da ba mu san wanda ya yanka ta ba. Muna da yawa masu jiran amsa.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatunku daga Dusseldorf, Jamus